Isar da Magungunan Ƙarfe Masu Aiki da Haske Zuwa Ƙullutun Sankara: Shingaye da Dabarun Tsallake Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da masana ke bi domin kai magungunan sankara da aka gina a kan ƙwayar zarrar ƙarfe, waɗanda ba sa yin aiki sai haske ya sauka a kansu, zuwa cikin ƙullutun sankara. An bi sawun maganin daga shigarsa jini har zuwa inda yake yin ɓarna a cikin ƙwayar halitta, sannan aka auna dabarun da aka fi amfani da su da abin da aka gani a jikin majinyata. Nazarin ya nuna cewa yawan maganin da ya taru a ƙullutu ba shi ne ma'aunin da ya fi dacewa da wannan rukuni ba, domin ba a samun sakamako sai magani da haske, da kuma iskar oksijin a mafi yawan lokuta, sun haɗu a wuri guda kuma a lokaci guda.

1.0 Gabatarwa

Babbar matsalar maganin sankara da ake bayarwa ta jijiya ita ce ba ya bambance ƙwayar halitta mai cuta da mai lafiya sai kaɗan, shi ya sa adadin da likita zai bayar yake tsayawa a iyakar abin da ƙoda da ɓargo da jijiyoyin ji za su jure, tun kafin a kai adadin da zai kawar da cutar. Sisfilatin, wanda aka gina a kan ƙarfen filatinam, misali ne a fili, domin duk da irin nasarar da ya samu a kan sankarar maraina da ta mahaifar ƙwai, yana lalata ƙoda kuma yana rage ji. Jiyya da haske ta zo da wata dabara ta daban, wato a bayar da sinadarin da ba ya cutarwa matuƙar yana cikin duhu, sannan a haska wurin da cutar take kaɗai, ta yadda ko da maganin ya bazu cikin jiki ba zai farka ba sai a inda likita ya nufa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace shingayen da ke hana irin wannan magani isa ga ƙullutun sankara, wanda jama'a suka fi sani da ƙari, ta tantance dabarun da aka ƙirƙiro domin tsallake su, sannan ta duba ko ma'aunin da ake gwada nasarar dabarun da shi ya dace da yadda maganin yake aiki.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Fagen ya samo asali ne daga tushe biyu da suka daɗe suna tafiya a rarrabe. Na farko shi ne na haske. A shekarar 1900 Oscar Raab, wanda ke ɗalibta a ƙarƙashin Hermann von Tappeiner a birnin Munik na ƙasar Jamus, ya lura cewa rinin akiridin yana kashe ƙananan halittun ruwa idan akwai haske amma ba ya kashe su a duhu, daga baya kuma von Tappeiner ya tabbatar da cewa aikin yana buƙatar iskar oksijin. Binciken bai zama jiyya sosai ba sai a hannun Thomas Dougherty na cibiyar Roswell Park da ke Amurka, wanda ya bayyana sakamakon gwajinsa a kan majinyata a 1978, kuma daga aikinsa ne aka samu maganin Photofrin da ƙasar Kanada ta amince da shi a 1993 domin sankarar mafitsara. Photofrin ba shi da ƙarfe a cikinsa, kuma aibinsa sananne ne: gauraye ne na sinadarai masu yawa, ba ya zuƙar jan haske da ƙarfi, sannan yana daɗewa a fata har sai majinyaci ya guje wa rana na tsawon wata guda ko fiye.

Tushe na biyu shi ne na ƙarfe, wanda ya faro da rahoton Barnett Rosenberg na 1965 a kan yadda sinadaran filatinam ke hana ƙwayoyin bakteriya rabuwa, abin da ya kai ga amincewa da sisfilatin a Amurka a 1978. Haɗuwar tushen biyu ta bayyana a ayyukan Peter Sadler a kan sinadaran filatinam masu farkawa da haske, da na Claudia Turro da Edith Glazer a Amurka da Sylvestre Bonnet a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan a kan rutiniyam, da na Sherri McFarland wadda sinadarinta ya kai ga gwaji a jikin ɗan'adam.

Dangane da isar da magani kuwa, ra'ayin da ya yi rinjaye na kusan shekara talatin shi ne na Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda, waɗanda suka bayyana a 1986 cewa jijiyoyin jinin da ke cikin ƙullutu suna yoyo, magudanan da ke kwashe ruwan nama kuma ba sa aiki a wurin, saboda haka manyan sinadarai kan shiga su maƙale. A kan wannan ra'ayi aka gina ɗimbin binciken da ya biyo baya. Rakesh Jain ya daɗe yana jan hankali cewa wannan yoyo shi kansa yana haifar da matsin ruwa a cikin ƙullutu wanda ke hana magani kutsawa ciki, amma rahoton da ya fi girgiza fagen shi ne na ƙungiyar Warren Chan ta Jami'ar Toronto a 2016, wanda ya tattara sakamakon gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi ya gano cewa matsakaicin abin da ke isa ƙullutu kashi 0.7 ne kacal cikin 100 na abin da aka zuba a jijiya. An soki rahoton da cewa magungunan da ba a ɗora su a kan komai ba ma ba su kai haka ba, kuma sukar tana da tushe, sai dai ba ta kawar da tambayar da ya tayar ba.

3.0 Hanyar Nazari da Ma'anar Kalmomi

Maƙalar ba ta ƙunshi sabon gwajin ɗakin bincike ba. An bi hanyar kwatance ne, inda aka raba tafiyar magani zuwa zango-zango, aka duba abin da ke tare shi a kowane zango, aka jera dabarun da aka tanada domin wannan zango, kuma aka fifita shaidar da aka samu a jikin ɗan'adam a kan ta ɓera, ta ɓera kuma a kan ta ƙwayoyin halittar da aka raina a cikin faranti.

An yi amfani da wasu kalmomi a ma'ana ta musamman. Mazuƙin haske shi ne sinadarin da ke karɓar ƙarfin haske ya juya shi zuwa aikin da ke kashe ƙwayar halitta. Mariƙi shi ne sinadarin da ke maƙale da ƙwayar zarrar ƙarfe, kuma galibi mariƙa da yawa ne ke kewaye ƙarfe guda su samar da abin da aka kira harhaɗin ƙarfe a nan. Maɗauki shi ne duk wani abu da aka ɗora magani a kansa ko aka rufe shi a cikinsa domin ya kai shi inda ake so. Tsawon zango kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin tudu da tudu a igiyar haske, wadda ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma ita ce ke tantance launin haske: shuɗi yana wajen nanomita 450, kore wajen 520, ja daga 630 zuwa sama.

4.0 Aikin Ƙarfe a Cikin Maganin

Idan mazuƙi ya karɓi haske yakan hau wani matakin kuzari mai gajeren rai da ake kira matakin tilo, kuma ba ya iya miƙa kuzarin ga iskar oksijin yadda ya kamata sai ya tsallaka zuwa wani mataki mai tsawon rai da ake kira matakin uku. Ƙarafa masu nauyi irin su rutiniyam da osmiyam da iridiyam da faladiyam suna sauƙaƙa wannan tsallakawa ƙwarai, har a wasu harhaɗan rutiniyam kusan duk ƙwayar da ta karɓi haske takan tsallaka. Daga matakin uku ne ake samun hanyoyi uku na kisa. A ta farko, mazuƙi yana miƙa kuzarinsa ga oksijin ya mayar da ita oksijin tilo, wani nau'i mai saurin ƙona kitse da furotin. A ta biyu, ilektiron yake miƙawa ya haifar da wasu ɓarɓashin sinadarai masu ɓarna. A ta uku, haske yana tsinke alaƙar ƙarfe da ɗaya daga cikin mariƙansa, sai ƙarfen ya samu gurbin da zai kama sinadarin gado na DNA, ko kuma mariƙin da ya kuɓuce ya kasance shi ne dafin. Glazer ta nuna a 2012 cewa idan aka cusa wa rutiniyam mariƙa masu cunkoso har siffarsa ta karkace, haske kaɗan ya isa ya fitar da ɗaya daga cikinsu. Muhimmancin hanya ta uku shi ne ba ta dogara da oksijin ba.

Akwai wata siffa ta oksijin tilo da ta shafi batun isarwa kai tsaye. Rayuwarta a cikin ruwa ba ta wuce maikurodaƙiƙa uku zuwa huɗu ba, kuma tafiyar da take yi kafin ta mutu ba ta kai maikuromita ɗaya ba, alhali faɗin ƙwayar halitta yakan kai maikuromita goma zuwa ashirin. Ma'anar haka ita ce ɓarnar tana aukuwa ne daidai inda maganin yake zaune a lokacin da aka haska shi. Maganin da ya isa ƙullutu amma ya tsaya a tsakankanin ƙwayoyin halitta, ko ya ƙare a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ke haɗiye baƙin abu, za a lissafa shi cikin wanda ya isa, amma aikin da zai yi a kan ƙwayar sankara kaɗan ne.

5.0 Shingayen da Ke Kan Hanya

5.1 Jini

Da yawa daga cikin harhaɗan da suka fi zuƙar jan haske suna da faffaɗan mariƙa marasa son ruwa, saboda haka da zarar sun shiga jini sai su manne da juna su dunƙule, kuma mazuƙin da ya dunƙule yakan zubar da kuzarinsa a matsayin zafi maimakon ya miƙa shi ga oksijin. Wannan ya fi bayyana a rukunin fitalosayanin mai ɗauke da zinki ko aluminiyam. Idan aka ɗora maganin a kan maɗauki, sai girman maɗaukin ya zama abin dubawa, domin abin da bai kai kimanin nanomita 6 ba ƙoda takan tace shi ya fita a fitsari, wanda ya haura nanomita 200 kuma saifa takan tare shi. Wanda ya faɗa tsakani ma bai tsira ba, domin furotin ɗin jini sukan lulluɓe shi cikin ɗan lokaci, su zama alamar da ƙwayoyin Kupffer na hanta ke gane shi da ita su haɗiye.

5.2 Bangon Jijiya da Cikin Ƙullutu

An daɗe ana ɗauka cewa maɗauka suna fita daga jini ne ta ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin bangon jijiya, amma a 2020 ƙungiyar Chan ta kawo shaidar cewa irin waɗannan ramuka ba su da yawa, kuma mafi yawan maɗaukan ƙwayoyin bangon ne da kansu ke haɗiye su daga gefe guda su fitar da su ta ɗaya gefen. Idan haka ne, to daidaita girman maɗauki da faɗin rami, wanda aka ɓata shekaru ana yi, bai taɓa ainihin ƙofar ba. Bayan bango kuma akwai matsin ruwan da Jain ya bayyana, da saƙar furotin ɗin kolajin mai kauri, waɗanda ke sa manyan maɗauka su tsaya a bakin jijiya su bar ƙwayoyin da ke nesa.

5.3 Haske da Oksijin

Waɗannan shingaye biyu su ne suka bambanta wannan rukuni da sauran magungunan sankara. Himogulobin na jini da melanin na fata suna shanye gajeren zango, ruwa kuma yana shanye dogo, abin da ya bar wata 'yar taga tsakanin kimanin nanomita 650 zuwa 900 inda haske ya fi ratsa nama. Ko a cikin tagar ma zurfin da ake samu milimita kaɗan ne, shuɗin haske kuwa da ƙyar yake wuce milimita ɗaya. Abin lura shi ne harhaɗin rutiniyam da aka fi nazari, mai mariƙan bayifiridin guda uku, ya fi zuƙar haske ne a wajen nanomita 450, wato daidai inda nama ya fi tare shi.

Ita kuwa oksijin, tun 1955 Thomlinson da Gray suka nuna a sankarar huhu cewa naman da ya yi nisan da ya kai wajen maikuromita 200 daga inda jini ke gudana yakan mutu saboda rashinta. Ƙwayoyin da ke dab da wannan iyaka suna raye cikin ƙarancin oksijin, su ne kuma magani ya fi wahalar isa gare su, don haka shingen oksijin da na isar magani suna taruwa a kan ƙwayoyi guda. Jiyyar da kanta tana daɗa tsananta lamarin, domin haske mai ƙarfi yana cinye oksijin da ke wurin fiye da saurin da jini ke mayarwa, wanda shi ne dalilin da ya sa rage ƙarfin haske ko yanka shi kashi-kashi yakan fi bayar da sakamako a gwaje-gwaje da dama.

6.0 Dabarun Isarwa

6.1 Maɗauka na Kitse da na Roba da na Saƙar Ƙarfe

Laifosom, wato ƙaramar jaka da aka yi da kitse irin na bangon ƙwayar halitta, ita ce maɗaukin da ya fi daɗewa a hannun likitoci, domin an amince da magungunan da aka rufe a cikinta, wato Doxil a 1995 da kuma Visudyne, wanda mazuƙin haske ne na cutar ido, a 2000. Ana kuma rufe harhaɗan ƙarfe a cikin ƙwayoyin folima masu narkewa a jiki, a lulluɓe su da sinadarin PEG domin su daɗe a jini. Amfanin da ya tabbata ga waɗannan maɗauka shi ne suna narkar da abin da ba ya narkewa kuma suna rage dafinsa a duhu. Sai dai suna da matsala ta musamman a nan, domin cusa mazuƙa da yawa a cikin ƙaramin wuri yana dawo da dunƙulewar da aka gudu, sannan oksijin tilo da aka samar a tsakiyar maɗauki tana iya mutuwa kafin ta fito. Wenbin Lin na Jami'ar Chicago ya tunkari wannan a 2014 da wata saƙa da ƙwayoyin ƙarfen hafniyam ke riƙe da mazuƙa a tazara tabbatacciya, ta yadda ba sa taɓa juna kuma ramukan saƙar suna barin oksijin ta shiga ta fita. Dabarar tana da kyau ta fuskar kimiyyar haske, amma irin wannan maɗauki hanta ce ke kwashe mafi yawansa idan aka zuba shi a jijiya, kuma yawancin gwaje-gwajensa allura ake yi kai tsaye a cikin ƙullutu.

Daɗewa a jini, wanda ake ɗauka alheri ne ga sauran magunguna, yana da wata fuska a wannan rukuni, domin muddin mazuƙi yana zagayawa fata da ido suna cikin haɗarin hasken rana.

6.2 Furotin na Jini da Furotin na Garkuwa

Albumin shi ne furotin mafi yawa a ruwan jini, yakan kai giram 35 zuwa 50 a kowace lita, yana yin kusan kwana 19 kafin rabinsa ya ƙare, kuma ƙwayoyin sankara da yawa suna haɗiye shi a matsayin abinci. Yana da wani gurbi mai ɗauke da sinadarin salfa wanda za a iya ɗaure magani a kai, kuma a 2019 ƙungiyar Sadler ta Jami'ar Warwick a Ingila ta ɗaure harhaɗin iridiyam a wannan gurbi, ta nuna cewa albumin ya kai shi har cibiyar ƙwayar sankara. Tiransiferin, furotin ɗin da ke dakon sinadarin ayon, shi ma ana amfani da shi saboda ƙwayoyin da ke saurin rabuwa suna yawaita ƙofofin karɓarsa, rutiniyam kuma ɗan rukuni ɗaya ne da ayon a jadawalin sinadarai. Ya kamata a yi hattara da wannan hujja ta dangantaka, domin awon da aka yi wa wasu magungunan rutiniyam a jini ya nuna cewa mafi yawansu albumin suke kamawa, ba tiransiferin ba.

Furotin na garkuwa, wanda ake ƙerawa domin ya gane wata alama a jikin ƙwayar sankara, shi ne ya kai matsayi mafi nisa. Hisataka Kobayashi ya bayyana a 2011 dabarar ɗaure rinin fitalosayanin mai silikon a tsakiya a jikin irin wannan furotin, kuma a 2020 ƙasar Japan ta amince da maganin Akalux domin sankarar kai da wuya, inda ake haskawa da nanomita 690 kwana guda bayan an bayar da shi. Silikon ba cikakken ƙarfe ba ne, amma darasin ya shafi rukunin baki ɗaya: maganin yana kisa ne idan yana manne da bangon ƙwayar da aka nufa, wanda ke yawo a sake kuwa ɓarnarsa kaɗan ce ko da haske ya same shi. Binciken Kirpotin da abokan aikinsa na 2006 ya riga ya nuna cewa liƙa furotin na garkuwa a jikin laifosom bai daɗa yawan abin da ya taru a ƙullutu ba, illa dai ya sa abin da ya isa ya shiga cikin ƙwayoyin sankara, wanda shi ne abin da jiyya da haske ta fi buƙata.

6.3 Maɗauka Masu Sauya Launin Haske

Tunda harhaɗai da yawa shuɗin haske suke so alhali ja ne ke ratsa nama, an ƙirƙiro maɗaukan da ke karɓar dogon zango su fitar da gajere. Wasu ana yin su da ƙarafan itabiyam da abiyam ko tuliyam, ana haska su da nanomita 980, wanda ruwan jiki ke shanyewa ya yi zafi, kuma kason hasken da suke juyawa ƙarami ne. Bonnet ya bi wata hanya a 2014, inda ya sanya rini mai faladiyam da wani rini na biyu a bangon laifosom suka juya jan haske zuwa shuɗi domin farkar da rutiniyam. Oksijin tana kashe wannan juyi, abin da ya sa dabarar ta fi dacewa da harhaɗan da ba sa buƙatar oksijin. Hanya mafi sauƙi ita ce a gyara harhaɗin kansa, ko dai ta faɗaɗa mariƙa ko ta musanya rutiniyam da osmiyam, wanda nauyinsa ke ba shi damar zuƙar haske har ya wuce nanomita 700.

6.4 Haske a Matsayin Mabuɗi

Ana iya amfani da ɗan haske mara kisa domin sassauta bangon jijiyoyin ƙullutu kafin a bayar da babban magani. Kristian Berg na Oslo kuma ya nuna a 1999 cewa mazuƙin da ke zaune a bangon jakunkunan da ƙwayar halitta ke tsare abin da ta haɗiye yana iya fasa su idan aka haska, sai maganin da ke tsare ya kuɓuta.

7.0 Magunguna Biyu da Suka Kai ga Majinyata

Tookad, wanda Avigdor Scherz da Yoram Salomon suka samar a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, an gina shi ne a kan launin da wasu bakteriya ke kama hasken rana da shi, aka sanya faladiyam a tsakiyarsa. Ana zuba shi a jijiya cikin minti goma, a haska nan take da nanomita 753 ta zaren gilashi da aka soka cikin furostet, wato ƙullin naman da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Maganin ba ya shiga ƙwayoyin sankara, kuma ba a nufe shi da shiga ba. Yana kama albumin ya tsaya a cikin jini, haske ya farkar da shi a can, jijiyoyin wurin su toshe, naman da suke ciyarwa ya mutu, jiki kuma ya fitar da ragowar da wuri. A gwajin mataki na uku da ya ƙunshi maza 413, cutar ta ci gaba a kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jiyyar cikin shekara biyu, a kan kashi 58 na waɗanda aka sa wa ido kawai, kuma Tarayyar Turai ta amince da shi a 2017. Kwamitin masu ba hukumar magunguna ta Amurka shawara ya ƙi goyon bayansa a 2020, saboda shakku a kan ma'aunin da aka gwada nasarar da shi da kuma illolin da suka shafi fitsari da mazakuta a mutanen da cutarsu ba mai gaggawa ba ce.

TLD1433, harhaɗin rutiniyam na McFarland, yana da wani mariƙi mai jelar zobba uku na sinadarin tayofin, wadda ke tsawaita rayuwar matakin uku har ya iya aiki ko da oksijin ta yi ƙaranci. Ana gwada shi a Kanada da Amurka a kan sankarar mafitsara da ba ta kutsa cikin tsoka ba, a majinyatan da BCG bai yi musu aiki ba (shi ne dai rigakafin tarin fuka da ake yi wa jarirai, wanda likitocin mafitsara ke zubawa a ciki domin tayar da garkuwar jiki). Ana shigar da maganin ta robar fitsari, a bar shi kimanin awa ɗaya, a wanke, sannan a haska bangon mafitsara daga ciki da koren haske. Gwajin farko a Toronto ya ƙunshi mutum shida, aka shiga mataki na biyu a 2019. Rashin zurfin koren haske, wanda aibi ne a wani wuri, a nan kariya ce ga tsokar da ke bayan cutar.

Babu ɗaya daga cikin magungunan nan biyu da ya dogara da yoyon jijiya ko da ƙirƙirarren maɗauki. Na farko ya mayar da jijiyar kanta abin hari don kada ya buƙaci tsallake ta, na biyu kuma bai shiga jini ba sam. Wannan ba hujja ba ce cewa maɗauka ba su da makoma, domin akwai ƙullutai masu kauri da ba za a iya wanke su da magani ko a wadatu da toshe jijiyoyinsu ba, amma yana nuna cewa zaɓen gaɓa da hanyar shigarwa da tazarar da ke tsakanin magani da haske sun riga siffar maɗauki muhimmanci. Ita wannan tazara kaɗai tana sauya abin da ake kashewa: Tookad ana haska shi nan take don a samu jijiya, Photofrin kuwa ana jiran awa 40 zuwa 50 don ya bar jini ya zauna a nama.

8.0 Matsalar Ma'auni

Tunda haske ba ya sauka sai a wani yanki ƙayyadadde, abin da ya kamata a auna shi ne bambancin yawan magani tsakanin ƙullutu da lafiyayyen naman da ke cikin yankin da za a haska, da yawan da ya saura a fata, da wurin da ya zauna a cikin ƙwayar halitta a daidai lokacin haskawa. Maganin da ya taru a hanta bai zama matsala ba sai idan yana da dafi a duhu ko jiki ya kasa fitar da ƙarfensa, kuma wannan tambaya ta biyu ba ta samu kulawar da ta kamata ba a rahotannin da ke tsayawa bayan makonni kaɗan.

Ƙarafan nan suna da fa'ida wajen awo, domin jiki ba shi da rutiniyam ko osmiyam ko iridiyam na kansa, saboda haka na'urar auna nauyin ƙwayoyin zarra tana iya gano ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a cikin nama. Amma na'urar ƙarfe take ƙirgawa, ba ta faɗin ko yana tare da mariƙansa ko ya rabu da su tun a hanya, kuma ƙarfen da ya rabu da mariƙansa ba mazuƙin haske ba ne. Hakazalika, yawancin gwajin faranti ana yin sa ne a iskar ɗaki mai oksijin kashi 21 cikin 100, alhali a sassan ƙullutu da dama ba ta kai kashi 2 ba, ƙullutun da ake dasa wa ɓera a ƙarƙashin fata kuma ƙarami ne da haske ke ratsawa cikin sauƙi.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi majinyata a Afirka ta Yamma kai tsaye. Melanin yana shanye haske kafin ya wuce fata, don haka adadin hasken da aka ƙayyade a kan farar fata ba lallai ya isa zurfi ɗaya a baƙar fata ba, yana kuma iya haifar da zafi a samanta, matsalar da ba ta tasowa idan ta zaren gilashi aka shigar da hasken cikin gaɓa. Na biyu ya shafi mafitsara. A yankunan da tsargiya ta yi katutu, ciki har da garuruwan bakin koguna da madatsun ruwa na arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, sankarar mafitsara takan kasance nau'in da ke tasowa daga daɗaɗɗen kumburin da ƙwayayen tsutsar ke haddasawa, wanda ya bambanta da nau'in da ake gwada TLD1433 a kansa, kuma sau da yawa majinyaci ba ya zuwa asibiti sai cutar ta kutsa cikin tsoka saboda an saba ganin jini a fitsari tun ƙuruciya. A irin wannan hali maganin da aka zuba cikin mafitsara ba zai ratsa zuwa gindin cutar ba, koren haske ma zai tsaya a sama, don haka duk gwajin da za a shirya domin waɗannan majinyata zai buƙaci harhaɗi mai zuƙar jan haske, da hanyar shigarwa ta jini ko ta allura a cikin ƙullutun kansa, da kuma awon yadda ƙwayoyin wannan nau'i ke haɗiye maganin tun a matakin faranti.